Idan netwok din cibiyar bayanai ya fadi, ta ina injiniya zai shiga ya gyara?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya kara basira.

Ina rokon ka bani dan fili a shafin wasiku in tabo wata magana da na lura jaridunmu na Hausa basu cika kulawa da ita ba. Duk sanda wani babban kamfanin sadarwa ko na intanet ya samu matsala, labarin da ake bugawa baya wuce netwok ya dauke na awa kaza, mutane sun kasa tura kudi, kamfanin ya bada hakuri, shikenan an wuce wajen. Ni kuma da yake aikina kenan kula da saba da rauta, wato kwamfutocin da ke ajiye bayanai da na'urorin da ke nuna wa bayanai hanya a netwok, faduwar kanta bata cika bani mamaki ba, na'ura dai wata rana sai ta tsaya, dan Adam kuma sai ya danna abun da bai kamata ba. Tambayar da nake so 'yan jarida su rika yi wa kakakin kamfani ita ce, me ya sa kuskuren da bai kai minti daya ba gyaransa ya ci awa goma? Sau da yawa amsar guda daya ce, injiniyoyin da zasu yi gyaran su ma sun kasa shiga na'urorin, don hanyar da suke bi su shiga ita ce ta mutu tun farko.

Bari in dan yi bayani saboda wanda ba aikinsa bane. Cibiyar adana bayanai babban gini ne cike da kwamfutoci masu karfi jere a cikin rak, wato wadancan dogayen kabad na karfe, ga sanyin esi ga karar fanka ba dare ba rana. Mafi yawan masu kula da su basa zama a cikin ginin, wani yana wani gari wani ma wata kasa, daga laftof dinsa yake shiga ya yi aiki. To idan ta cikin netwok din da kwastomomi suke amfani da shi yake bi, ranar da netwok din ya fadi shi da kwastoman duk daya suke, kowa yana waje yana kallo. Shi ya sa ake gina wata hanya daban da bata hada komai da babbar hanyar ba, masu aikin suna ce mata OOB, wato out-of-band, ni dai kofar baya nake ce mata idan ina yiwa mutanenmu bayani. Ita wannan ba'a yi ta don kwastoma ba, ba'a kallon bidiyo ta cikinta, karama ce kuma bata da wani sauri, amfaninta kawai ranar da komai ya tsaya ka samu inda zaka zura hannu.

Kayan da ake hada ta da su ba wasu abun mamaki bane. Kowace rauta da suwic na kirki, suwic shi ne na'urar da ake jona kebul din kwamfutoci a jikinta su hadu, suna da wata 'yar kafa da aka rubuta console a jikinta, wanda ya taba rike shudin kebul dinnan na Cisco ya san ta, gudunta na asali bit 9600 ne a dakika, a hankali rubutu yake fitowa layi layi akan bakin sikirin, amma wallahi ranar da na'ura ta rikice ta daina amsa kowa ta netwok, ta wannan kafar zata yi maka magana. Sai a dauko wata na'ura mai kafafu da yawa, irin ta Opengear ko Lantronix ko Avocent, a jona duk wadannan kebul din a jikinta, ita kuma a bata nata layin na daban, sim na 4G ko wani kamfanin intanet ko ma tauraron dan Adam. A bangaren saba kuma akwai wata karamar kwamfuta da aka dasa a cikin babbar, ana ce mata BMC, Dell suna kiran tasu iDRAC, HPE kuma iLO. Tana da nata kwakwalwar da nata kafar netwok, kuma muddin wayar wuta tana jone to tana kunne ko da sabar a kashe take. Ta cikinta zaka ga sikirin din sabar kamar kana tsaye a gabanta, ka kashe ka kunna, ka shiga BIOS, wato saitin da ke tashi kafin Windows ko Linux, ka ga zafin na'urar da ko wata fanka ta mutu, har sabon Windows ko Linux zaka iya dorawa daga nesa. Tsarin magana da BMC da aka fara ginawa akai, IPMI, tun 1998 Intel da wasu kamfanoni suka fito da shi, a 2015 kuma aka kawo Redfish don ya gaje shi. Akwai ma soket mai wayo da zaka yanke wa na'ura wuta ka mayar daga inda kake, don wani lokacin duk ilimin da ka tara maganin bai wuce a zare a mayar ba.

To ranka ya dade, duk wannan sananne ne, babu babban kamfanin da zai ce maka bashi da ita. Inda gizo ke saka shi ne kofar bayan da yawancinsu suka gina ta jingina ne da babbar kofar ba tare da sun lura ba, kamar mutum ne ya yanka makullin ajiya saboda tsaro sannan ya rataye shi a cikin dakin da yake kullewa.

Ka duba abun da ya samu Facebook ranar 4 ga Oktoba 2021, ranar da Facebook da WhatsApp da Instagram suka dauke gaba daya kusan awa shida. Ba 'yan kutse bane, aikin gyara na yau da kullum ake yi, aka bada wani umarni don a duba karfin manyan layukan da suka hada cibiyoyinsu, umarnin ya katse layukan duka, manhajar da aka yi don ta tare irin wannan kuskuren ita ma tana da matsala bata tare ba. Da sabobinsu na DNS, wato masu fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa ta IP, suka ga basa iya magana da cibiyoyin sai suka janye sanarwar hanyoyinsu na BGP, tsarin da netwok ke gaya wa sauran intanet ta inda za a same shi, duniya ta daina sanin inda Facebook yake kwata kwata. Abun da ya fi jan hankalina shi ne bayanin da Santosh Janardhan, mataimakin shugaba mai kula da wannan bangaren, ya fitar washegari, ya fada karara cewa babbar hanyar shigarsu da ta bayan duk sun tafi tare, kayan aikin da suke bincike da su kuma DNS suke bukata, dole aka tura mutane da kafarsu zuwa cibiyoyin. Can ma shiga bai zo da sauki ba tunda an gina wajen ne yadda shiga zai yi wuya, na'urorin kuma an yi su yadda ko kana tsaye a gabansu canza su sai an sha fama. Kamfani mai irin wannan kudin da irin wadannan injiniyoyin fa.

Na kamfanin sadarwa na Rogers a Kanada ma ya fi wannan muni a ganina, don ya taba rayukan mutane kai tsaye. Ranar 8 ga Yuli 2022, ana cikin aikin inganta netwok aka cire wani saiti mai tace bayanan hanyoyi a rautocin rarrabawa, bayanan hanyoyi suka kwararo suka fi karfin manyan rautocin tsakiya suka durkushe. Mutum sama da miliyan 12 suka rasa waya da intanet, tsarin biyan kudi na Interac ya tsaya, wasu ko lambar gaggawa 911 sun kasa kira. Hukumar sadarwar kasar CRTC ta sa kamfanin Xona Partners ya yi bincike, rahoton ya nuna netwok din da ake kula da na'urorin ya dogara ne akan ainihin wanda ya fadi, sai da aka shafe kusan awa 14 kafin su gano takamaiman musabbabin saboda basu iya kaiwa ga bayanan kuskuren da rautocin suka ajiye ba. Abun dariya abun takaici, ma'aikatan su kansu layin kamfanin suke rike da shi a wayoyinsu, to da me zasu kira juna? Sai da aka aika musu sim na wasu kamfanoni. A Nuwamba 2023 Optus na Ostireliya ya fada kusan irin wannan ramin, kimanin mutum miliyan 10, aka rika tura ma'aikata su je su tada wasu rautocin da hannu, bai fi sati biyu ba shugabar kamfanin ta ajiye aiki.

Na CrowdStrike na 19 ga Yuli 2024 shi kuma wani salo ne, netwok lafiyarsa kalau, kwamfutocin Windows ne suka ki tashi bayan wannan kamfanin tsaro ya tura musu sabuntawa mai matsala, Microsoft ya ce kimanin miliyan 8.5. Gyaran dan karami ne, ka tada na'ura a safe mode, wato yanayin gyara na Windows, ka goge fayil guda daya, amma ta yaya zaka yi wa na'urar da bata kai ga hawa netwok ba? Wanda yake da iDRAC ko iLO mai aiki yana zaune ya bi sabobinsa daya bayan daya, wanda bashi da shi kuwa sai tura keken sikirin da kibod daga wannan rak zuwa wancan.

Kuma kar a dauka sai manyan kamfanoni. Akwai wani waje da aka taba kirana in duba musu tsarinsu, ba sai na fadi suna ba, oga yana ta alfahari suna da OOB cikakke har da zane mai kyau a takarda. Na zagaya bayan rak din na bi kebul din iDRAC da yatsa, sai gashi ya shiga suwic din da sauran kebul din kwastomomi suke, VLAN kawai aka raba musu, rabuwa ta saiti a cikin suwic daya. Wato in suwic din ya mutu ko wani ya bata saitinsa, kofar baya ta bi shi. Na'urar console din tana nan da fitilarta tana kyaftawa, amma sim din cikinta kamfanin waya ya dade da rufe shi don ba wanda ya tuna ana biya. Kalmar sirrin shiga kuma tana ajiye a wata manhaja da ke kan daya daga cikin sabobin da ake son cetowa. Ba mugunta bace ba kuma jahilci bane, abu ne da ba'a taba shi sai ranar masifa, shi ya sa yake rubewa ba wanda ya ji wari.

Irin wadannan jingine jinginen suna da yawa kuma boyayyu ne. Ka sayi layi daga kamfanoni biyu kana murna, ashe fayibarsu a rami daya take kwance, katafila daya ta tsinke su tare. Ka sa shiga kofar baya sai an tantance mutum ta babbar sabar ma'aikata, ranar da ita ce ta fadi fa? Ka san na'urorinka da suna kawai, DNS ya tafi, ba wanda ya haddace lambar IP ko daya. Ka jona suwic din OOB a wuta daya da sauran. Ni a ganina duk wanda zai gina wannan hanyar ya zauna da biro da takarda ya rubuta duk abun da ake bukata tun daga bude laftof har zuwa ganin bakin sikirin na rauta, sannan kowanne ya tambayi kansa, wannan zai rayu idan babban netwok ya mutu? Har da inda injiniyoyi zasu yi magana da juna da inda aka ajiye takardun bayanin tsarin.

Yanzu ga daya bangaren, wanda shi ne yake hana ni barci. Kofar da zata baka ikon kashe saba da goge ta daga nesa, idan barawo ya same ta ya gama da kai. BMC tana aiki ne a karkashin Windows da Linux, antibayros baya ganin abun da ke faruwa a cikinta, in aka dasa mugun abu a ciki ko ka goge had disk ka sake dora komai yana nan zaune. A karshen 2021 wani kamfanin tsaro na Iran mai suna Amnpardaz ya bada rahoton wata muguwar manhaja da aka sa wa suna iLOBleed, tana boye a cikin iLO tana goge bayanan saba, har tana yin kamar an sabunta manhajar na'urar alhali ta hana. Kafin nan a 2013 Dan Farmer ya tona yadda IPMI yake, akwai wani saiti da ake kira cipher zero wanda in yana kunne duk kalmar sirrin da ka rubuta zata wuce, kuma tsarin IPMI 2.0 da kansa yana mika wa mai tambaya rufaffen kwafin kalmar sirri tun kafin ya shiga, ya tafi da shi gida ya fasa a nutse. A 2017 aka gano iLO 4 ana iya tsallake tantancewarsa da harafin A guda 29 a jere, wallahi ba wasa nake ba, a shekarar ne kuma aka samu Intel AMT, tsarin Intel na kula da kwamfuta daga nesa, yana barin mutum ya shiga da amsar tantancewa da ba komai a cikinta.

Wadannan ma sai mai dan ilimi. Na kasa da su shi ne kalmar sirrin da aka zo da ita daga masana'anta, shekara da shekaru iDRAC yana zuwa da root da calvin, Supermicro kuma ADMIN da ADMIN, kowa ya sani, yana rubuce a littafin na'urar. Sai da jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a 2020 ta tilasta kowace na'ura ta zo da tata kalmar daban ko ta sa a canza ta a amfani na farko sannan abun ya ragu, amma tsofaffin sabobi suna nan birjik suna aiki. Wani kuma don kar ya wahala da VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga netwok din kamfani daga nesa, sai ya bawa BMC lambar IP ta waje ya bar ta a bude akan intanet, ya ce ai ba wanda ya san lambar. Akwai wani shafin bincike mai suna Shodan, aikinsa kenan zagaya intanet yana lissafa duk na'urar da ta amsa, kafar netwok mai lamba 623 da IPMI ke amsawa ta cikinta kuma tana cikin wadanda ake kwankwasawa kullum. Abun ya kai a Yuni 2023 hukumar CISA ta Amurka ta bada umarni ga ma'aikatun gwamnatin tarayyarsu cewa duk irin wannan kofar kulawa da aka gano a bude a intanet, cikin kwana 14 a cire ta ko a sa mata tsaro na gaske. Wata hudu bayan nan sai ga matsalar shafin kulawa na Cisco IOS XE, na'urori dubun dubata aka shiga, kuma wadanda suka bar shafin yana kallon intanet ne abun ya fi ci.

Wasu abokan aikina idan sun ji wannan sai su ce to ai gara a kashe BMC din kowa ya huta. Ban yarda ba sam. Kashewar tana mayar da kai zamanin da sai an tashi mutum karfe uku na dare ya tuka mota zuwa cibiya don ya danna maballi daya, kuma kamfanin da ya yi alkawarin netwok dinsa zai yi aiki kashi 99.99 cikin dari na lokaci, minti 52 da 'yan dakiku kawai yake da su na tsayawa a shekara gaba daya, kafin mutumin ya nemo takalminsa rabi ya tafi. Abun yi shi ne a kulle ta fiye da yadda ake kulle kofar gaba. Suwic nata daban, bata ganin intanet kai tsaye, duk mai shiga ya bi ta kwamfuta guda daya da aka tsare sosai, da tantancewa mataki biyu, kuma duk abun da ya rubuta a ajiye shi a wani waje da shi kansa bazai iya gogewa ba. Kowa da nasa akawun, ba a rika yawo da kalmar sirri daya tsakanin mutum goma ba har da dan kwangilar da ya bar aiki bara. A ajiye akawun daya na gaggawa da baya bukatar kowace saba, kalmarsa a rufe a sef, in an bude a canza. Manhajar BMC din ma a rika sabunta ta, wannan kam kusan kowa yana mantawa, zaka ga saba Linux dinta na wannan watan amma iLO dinta tun ranar da aka sauke ta daga kwali ba'a taba shi ba.

Masu rike da kasafin kudi kuma ina da korafi a kansu, duk da na fahimce su. Abu ne da ake biya duk wata kuma ba'a ganin amfaninsa, to shi ake fara yankewa. Har lasisi, don a Dell da HPE cikakken ganin sikirin daga nesa sai da lasisi na sama, sai a sayi saba mai tsada a ki biyan wannan dan karin, ranar da ta makale sai a gane. Mu ma injiniyoyi akwai dabarun da basa cin ko sisi da muke sakaci da su, a rautocin kamfanin Juniper akwai commit confirmed, in ka canza saiti baka dawo ka tabbatar ba cikin minti 10 na'urar da kanta zata koma yadda take, a Cisco kuma mutane suna sa reload in, umarnin da zai sake tada na'urar da tsohon saiti bayan wani lokaci, kafin su taba abu mai hadari. Wannan baya maye gurbin kofar baya amma yana rage yawan ranakun da zaka bukace ta.

Gwaji dai shi ne abun da ba'a so, don yana nufin da gangan ka cire babban layi a lokacin da aka tsara, ka ce wa wanda yake kan aiki to bismillah shiga ta baya mu gani. Kuma kar a bawa babban injiniyan da ya gina tsarin, shi ya san duk lungunan, a bawa sabon yaron da zai iya kasancewa shi kadai a daren da abun zai faru, a bashi takardar da aka rubuta a ga ko zai kai. A nan ake gano sim ya mutu, kebul na rauta ta uku yana jone a kafa ta bakwai sabanin abun da aka rubuta, lambar da ake turowa ta waya tana zuwa wayar wanda ya tafi hutu. Wanda kuma rak daya kawai yake da shi a dan karamin ofis, bashi da kudin Opengear, ya fara da zagayawa baya ya ga inda kebul din iDRAC ko iLO ya shiga, ya gwada root da calvin ya ga ko zata bude.

Nagode Malam Edita da bani wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum, ma'aikacin kula da saba da netwok.